Tsamin Ƙafa Bayan Tafiya da Aikin Ƙarfi: Dalilinsa, Sauƙinsa da Rigakafinsa a Taloka da Kwarin Rima

Tsakure

Wannan takarda ta duba tsamin da ke kama tsokar cinya da sha-raɓa bayan doguwar tafiya, aikin fadama ko motsa jiki. Ta ɗauki Taloka da maƙwabtanta na ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno da Rabah a matsayin fagen misali. Ta bayyana abin da ke faruwa a cikin tsoka, ta auna hanyoyin da jama'a ke bi don neman sauƙi da ma'aunin binciken masana, sannan ta rarrabe tsamin gajiya da cututtukan da ke kama da shi. Matsayar takardar ita ce, tsamin ƙafa kan warke da kansa cikin mako guda, kuma shiga aiki sannu a hankali shi ne rigakafinsa mafi ƙarfi. Babban haɗarin yana cikin ƙwayoyin da ake sha don kashe shi a cikin zafin rana, da kuma ɗaukar cuta mai tsanani a matsayin gajiya.

Gabatarwa

Rayuwar kwarin Rima a ƙafa take tafiya. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma da shi ne dubban manoma ke noman shinkafa, alkama, albasa da tafarnuwa daga Goronyo har zuwa fadamar Wurno. Ruwa dai yana zuwa ta magudana, amma sauran aikin duk na jiki ne. Manomi ya tako daga gari zuwa gona, ya yini a sunkuye yana dashe, ya hau gaɓar magudana ya sauko ba adadi, ya ɗora buhun albasa a ka zuwa inda mota ko amalanke ke iya isowa. Mata na zuwa itace da ɗebo ruwa. Makiyayi na bin dabba yini guda. Matasa kuwa, bayan duk wannan, la'asar na yi sai filin ƙwallo.

Wanda ya saba ba ya kuka. Mai kukan shi ne wanda ya huta ya dawo: ɗan ƙwadagon da ya shiga dashen shinkafa ranar farko, ɗan cin ranin da ya yi watanni yana zaune a bakin tebur a birni, ɗalibin da ya zo hutu aka tura shi gona, maniyyacin da ya tsinci kansa tsakanin Mina da wurin jifa. Dukansu magana ɗaya suke yi da safe: "Jikina ya yi tsami, kamar an yi mini duka." Abin da suke yi bayan wannan magana shi ne damuwar takardar nan.

Abin da ke faruwa a cikin tsoka

Tsamin da ake magana a kai yana da hali sananne. Ba ya zuwa lokacin aiki. Yana soma bayyana bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwar zafinsa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya janye cikin kwana 5 zuwa 7. Ƙafa kan sanƙare, taɓa tsokar ya yi zafi, durƙuso da miƙewa a salla su yi wuya, ƙarfi kuma ya ragu na 'yan kwanaki. Masanin aikin jiki na Amurka, Theodore Hough, ya bayyana wannan yanayi tun 1902, ya kuma danganta shi da 'yar yagewa a cikin zaren tsoka.

An shafe shekaru ana ɗora laifin a kan sinadarin laktik, wanda kan ƙaru a jini lokacin aiki mai tsanani. Har yau ana jin wannan bayani a bakin masu horar da 'yan wasa. A 1983 James Schwane da abokan aikinsa a Amurka suka gwada maganar. Suka sa mutane gudun minti 45 a shimfiɗaɗɗen wuri, wata rana kuma gudun minti 45 a gangara. A gudun farko sinadarin ya hau, amma tsami bai biyo baya ba. A gudun gangara sinadarin bai hau ba, amma ƙafafu suka yi tsami sosai. Ban da haka, jiki kan share wannan sinadari cikin kimanin awa ɗaya bayan an tsaya, alhali tsami sai gobe ko jibi. A farkon shekarun 1980 ɗin nan ne kuma Jan Fridén da abokansa a Suwidin suka ciro ɗan guntun tsoka daga mutanen da suka yi ta saukowa daga matakalar bene, suka ga a madubin ƙara girma cewa tsarin zaren ya hargitse a wurare.

Abin da ke jawo hargitsin shi ne aikin da tsoka ke yi tana riƙe nauyi alhali tana miƙewa. Mai zura cikakken guga cikin rijiya a hankali ya san wannan aiki: hannu na sakin igiya, amma yana riƙe da ita don kada ta kuɓuce. Haka tsokar cinya ke yi duk lokacin da mutum ya sauko daga gaɓa, ya durƙusa da kaya, ko ya ja birki yana cikin gudu. A irin wannan hali zare kaɗan ne ke ɗaukar nauyi mai yawa, sai wasu su sami rauni. Jiki ya tura ruwa da ƙwayoyin gyara wurin, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi na tsokar da fatar da ke lulluɓe da ita su ƙara saurin ji. Wannan gyara ne ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, shi ya sa tsamin ke jinkiri.

Akwai albishir a cikin lamarin. Tsokar da ta sha wannan wuya sau ɗaya tana ƙara juriya. Idan aka maimaita aikin bayan ta warke, tsamin kan zo da sauƙi ƙwarai, kuma binciken Kazunori Nosaka da abokansa na 2001 ya nuna kariyar na iya kaiwa wata 6. Ko ɗan aiki kaɗan da bai kai ga jawo tsami mai yawa ba yana ba da wani kaso na wannan kariya. Dukan rigakafin da za a kawo a gaba a kan wannan gaskiya ya ginu.

Inda yankin ke gamuwa da shi

Kalandar noma ce ke yanke lokacin tsami a Taloka. Akwai huɗa da noman farko idan damina ta sauka, akwai gyaran fangali da dashe idan noman rani ya kama, akwai cirar albasa da yankan shinkafa da dakon buhuna a ƙarshe. Kowane ɗaya yana da tsokar da yake ci. Dashe na cin bayan cinya da ƙugu saboda sunkuyo. Taka laka da yashin bakin gulbi na cin sha-raɓa da agara, domin ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, tsoka ta yi ta gyara tsayuwa. Sauka gaɓa da buhu a ka na cin gaban cinya. Wanda ya ƙware a wani aikin yana iya yin tsami idan ya koma wani, domin sabon motsi ne ga tsokarsa.

Aikin Hajji ma babban misali ne. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zirga-zirgar jifa na kwanaki, kuma tsakanin Mina da Arfa akwai kimanin kilomita 14 ga wanda mota ta gagara. Yawancin maniyyata dattawa ne, wasunsu sun daɗe da barin gona ga 'ya'ya. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata 1,301, suka ce mafi yawansu sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba hutu. Zafi ne ya yi wannan ɓarna, amma darasin ya shafi kowa: tafiya, rana da ƙishirwa idan sun haɗu a jikin da bai shirya ba, magana ta wuce tsami.

Akwai kuma tafiyar da ba wanda ya zaɓa. Bayan harin da aka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, jama'a da dama sun nemi mafaka a Gandi, kuma irin wannan gudun hijira ya ci gaba a gabashin jihar Sakkwato. Tsofaffi da masu goyo da suka iso wuri bayan irin wannan tafiya suna bukatar wanda zai duba ƙafafunsu da fitsarinsu, tare da abinci da makwanci.

Hanyoyin neman sauƙi: wanne ke aiki?

Tausa ce ke kan gaba. A 2018 Olivier Dupuy da abokansa a Faransa sun tattara bincike kusan 100 a kan hanyoyin farfaɗowa bayan motsa jiki, suka samu tausa ta fi sauran rage tsami da gajiya. Wannan ya dace da abin da ake yi a gidajen Hausa tun da daɗewa, na murza ƙafa da man kaɗe. Sharaɗin shi ne a yi ta a hankali, daga ƙasa zuwa sama, ba a taka mutum ko a danna har ya yi ƙara ba. Man zafin da ake saye a kanti yana ɗauke hankalin jijiya daga ciwon na ɗan lokaci. Ba laifi a shafa shi a fatar da ba rauni.

Motsi mai sauƙi shi ne na biyu. Tattaki a hankali ko tuƙa keke na minti 15 zuwa 20 yana sassauta sanƙarewar, ko da za ta ɗan dawo bayan an zauna. Kwanciya yini guda ba ta ƙara saurin warkewa. Abin gudu shi ne komawa aiki mai nauyi a kwana na biyu da na uku, lokacin da ƙarfin ƙafa ya ragu, domin a nan ne ake zamewa a yi targaɗe.

Gashi da ruwan ɗumi yana kawo sauƙi, kuma kowane gida na iya yin sa. Mai ciwon suga ya sa wani ya taɓa masa ruwan tukuna, domin ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Shiga ruwan sanyi ma an gwada shi: tarin bincike 17 da cibiyar Cochrane ta duba a 2012 ya nuna yana rage tsami idan aka kwatanta da zama kawai. Sai dai ruwan da aka yi gwajin da shi mai sanyi ne ƙwarai, ƙasa da digiri 15, irin wanda sai da ƙanƙara. Kada wannan ya sa wani ya je ya jiƙa ƙafa a magudana ko tafki, domin a irin ruwan nan ne ake ɗaukar tsargiya.

Miƙar da jijiya kafin wasa ko bayansa, wadda ake koya wa kowane ɗan ƙwallo, ba ta hana tsami yadda ake zato. Nazarin Cochrane na 2011 da Robert Herbert ya jagoranta ya samu ragin bai wuce maki 4 cikin 100 ba, abin da mutum ba zai ma lura da shi ba. Ƙwayoyin bitamin C da E da makamantansu ma, wani nazari na 2017 bai same su da amfanin a zo a gani ba. Kuɗin ya fi kyau a sayi wake, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai ko kifi, domin da su jiki ke gyara tsoka, sannan a samu barci isasshe.

Citta na da 'yar hujja. A 2010 Christopher Black da abokansa a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun ba mutane giram 2 na citta kullum har kwana 11, suka samu zafin tsoka ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100. A tsokar hannu aka yi gwajin, kuma da mutane 74 kawai, saboda haka a ɗauke ta a matsayin taimako. Game da ƙaho da tsaga kuwa, duk wanda ya zaɓi zuwa wurin wanzami ya tabbatar sabuwar aska ce, domin ciwon hanta da ƙanjamau na bin ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi.

Ƙwaya, rana da ƙoda

A nan ne wannan takarda ta fi nuna damuwa. Ɗan ƙwadago ba ya da ranar hutu. Idan bai fita ba, tukunya ba ta hau wuta ba. Saboda haka ya tsaya wurin mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Haɗin kan ƙunshi ibufurofen ko diklofenak, wani lokaci duka biyun, alhali dangi ɗaya ne, kuma shan su tare ninka illa ne kawai.

Ga yadda illar take. Idan mutum ya yi gumi da yawa, jinin da ke zuwa ƙoda kan ragu, sai ƙodar ta saki wasu sinadarai da ke buɗe mata hanyar jini. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne toshe irin sinadaran. Ke nan mai yankan shinkafa a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, idan ya haɗiye su ba ruwa isasshe a jikinsa, ya rufe wa ƙodarsa ƙofar ceto. Haka kuma suna cin bangon ciki su jawo gyambo da zubar jini, musamman ga wanda ya sha bai ci kome ba. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado an ga yadda ciwon ƙoda ya yi ta kashe matasa masu yankan rake, kuma masana na lissafa aikin rana da ƙarancin ruwa cikin manyan dalilan da ake zargi, har aka fito da tsarin ruwa, hutu da inuwa a gonaki.

Tiramol ya fi muni. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha tiramol da danginsa na magunguna masu kashe zafi ba bisa umarnin likita ba. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi. Yana kashe jin gajiya ne, mutum ya ci gaba da aiki a kan tsokar da ta ji rauni, ga kamu, ga farfaɗiya idan an sha da yawa. Idan dole sai an sha wani abu, farasitamol ya fi sauƙin illa ga babban mutum mai lafiyar hanta, kada ya wuce giram 4 a yini, kuma na kwana biyu ko uku kawai.

Lokacin da ba tsami ba ne

Tsamin gajiya yana kama ƙafa biyu, yana biyo bayan aikin da aka sani, yana raguwa kullum bayan kwana na uku. Duk abin da ya saɓa wa haka na asibiti ne.

Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, tare da ciwon tsoka mai tsanani da kasala, alama ce ta narkewar tsoka, wadda kan toshe ƙoda cikin kwanaki. A yankin noman rani ana iya cewa tsargiya ce a yi shiru, alhali gwaji ne kaɗai zai raba su, kuma dukansu na bukatar magani. Kumburin sha-raɓa ɗaya da zafi da ɗumi na iya zama daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai jego ko wanda ya yi zaman mota ko jirgi fiye da awa 4. Wannan ba a yi masa tausa ko kaɗan, domin gudan jinin na iya ɓallewa zuwa huhu. Zafin da ya zo farat ɗaya ana cikin gudu, da ƙara ko kasa taka ƙafa, yagewa ce ko karaya. Ciwon jiki da zazzaɓi na bukatar gwajin maleriya. Mai sikila, ciwon ƙashinsa kan tashi ne da wahala da ƙishirwa. Dattijon da sha-raɓarsa ke ɗaurewa duk lokacin da ya yi 'yar tafiya, ta saki idan ya tsaya, ƙila hanyar jininsa ce ta ƙuntata, kamar yadda ake gani ga masu suga da masu shan taba. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gari akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Rigakafi

Matakin farko shi ne a gabatar wa tsoka da aikin kafin ranarsa. Mako biyu kafin dashe ko huɗa, mutum ya riƙa yin awa ɗaya ko biyu a gona yana ƙarawa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka na ba da shawarar sabon ma'aikaci ya fara da kashi 20 cikin 100 na aikin rana a yinin farko, ya riƙa ƙara kashi 20 kullum, domin jiki na bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Maniyyaci ya fara tattaki wata biyu kafin tashi, daga minti 15 har ya kai awa guda, ya haɗa da hawa da sauka, a cikin takalmin da zai tafi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta nemi babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda ya riƙe wannan kuwa da wuya sabon aiki ya kayar da shi.

Sai ruwa da lokaci. A sammaka aiki mai nauyi, a huta a inuwa tsakar rana, a sha ruwa kafin ƙishirwa ta tsananta, a riƙa duba fitsari ya kasance fari-fari. Wanda ya yi gumi sosai ya sha fura ko kunu, ko ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A watan azumi a mayar da aikin ƙarfi bayan asuba, wasan ƙwallo kuma bayan buɗa-baki. A raba buhu gida biyu a wurin gangara, a taƙaita taku, a riƙe sanda. Silifa mai santsi ba takalmin doguwar tafiya ba ne, mai maɗauri a dunduniya ya fi.

Kammalawa da shawarwari

Takardar ta nuna cewa tsamin ƙafa rauni ne ƙarami da ke gyara kansa, kuma tausa, motsi mai sauƙi, ɗumi, abinci da barci sun wadatar masa. Saura a kai wannan bayani inda ake bukatarsa. Shugabannin ƙungiyoyin manoman rani da malaman gona su sanya maganar ruwa, hutu da inuwa cikin taron farkon kowace kakar noma, masu ɗaukar 'yan ƙwadago kuma su sassauta aikin kwana ukun farko. Hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ta sa tattaki cikin bitar maniyyata. Masu kemis su daina haɗa ƙwaya biyu 'yan dangi ɗaya, su tambayi mai saye launin fitsarinsa da ko ƙafa ɗaya ce ta kumbura. Ma'aikatan lafiya na Goronyo, Wurno da Rabah su fara rubuta yawan masu zuwa da ciwon jiki a lokacin dashe da girbi da irin maganin da suka riga suka sha, domin masu binciken jami'a su samu alƙaluman da za su yi aiki da su. Limamai da masu unguwanni kuwa, ana roƙonsu su isar wa jama'a alamomin haɗari guda uku: fitsari mai duhu, kumburin ƙafa ɗaya, da ciwon da ya wuce mako bai ragu ba. Duk wanda ya ga ɗayansu ya nufi asibiti a ranar.